Sakkwato ce ta gano shi, Houston ce ke tunawa da shi

Ina da tambaya, kuma don Allah kada kowa ya buɗe Google kafin ya amsa. A makarantar da kake yanzu, jami'a ce ko kwalejin ilimi ko foliteknik, wa ya fi kowa gudun mita 100 a tarihinta? A wace shekara ya yi wannan bajintar? Wace ce mace ta farko da ta ciyo wa makarantarku zinare a NUGA ko NICEGA ko NIPOGA? Na yi wa mutum ya fi goma wannan tambayar, har da waɗanda suka taɓa riƙe daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai, ban samu amsa ko guda ba. Amma ka ce a lissafo maka 'yan Arsenal na 2004, har 'yan benci za a kawo maka, da ƙasar kowa da lambar rigarsa.

Makarantunmu ba sa tuna 'yan wasansu. Ni kuma a ganina wannan mantuwar ba ƙaramin abu ba ce, domin ita ce ke sa duk yaron da ya shigo da baiwa ya ga babu amfanin ya wahalar da kansa.

Bari in ba ku labarin wani da ya kamata a ce kowane ɗan makaranta a Arewa ya san yadda ya fara. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, an haife shi a 1963. Yana yaro gola yake yi a ƙwallon ƙafa, sannan yana buga ƙwallon hannu. Har ya kai wajen shekara 15 bai shiga ƙwallon kwando ba. A ƙarshen shekarun 1970 makarantarsu, Muslim Teachers College ta Legas, ta je gasar wasanni ta kwalejojin horon malamai na ƙasa da aka yi a Sakkwato. Da tawagar ƙwallon hannu ya je. Wani ɗan makarantarsu ne ya roƙi koci a bar dogon yaron nan ya buga wa tawagar ƙwallon kwando ita ma, koci ya yarda. Shi ke nan fa. Gasar 'yan makaranta, a Sakkwato, da kocin da bai ce "kai ɗan ƙwallon hannu ne, tsaya inda aka ajiye ka" ba.

Abin da ya biyo baya kowa na iya dubawa. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. Sau uku a jere, 1982 da 1983 da 1984, tawagar jami'ar ta kai zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. Har yau ba wanda ya kai shi yawan kaɗe ƙwallo kafin ta faɗa kwando a lissafin NBA: sau 3,830. A watan Fabrairu na 1995, yana cikin azumin Ramadan, shi aka ba gwarzon wata.

Wurin da nake so mu tsaya shi ne ƙafafunsa. Duk wanda ya kalli tsofaffin wasanninsa a YouTube ya san abin da nake nufi. Mutum dogo haka, amma sai ya yi kamar zai juya dama, mai tsaronsa ya bi, ya koma hagu, ya sake yaudararsa, sannan ya jefa. Shi da bakinsa ya sha danganta wannan taku da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro, kuma ba sai an gaya maka ba cewa wanda ya saba tsaron raga ya san lokacin da ake tsalle a tare ƙwallo. Wato wasannin nan biyu da ya bari ba su tafi a banza ba, su ne suka raba shi da sauran dogayen. Da tun yana aji ɗaya aka ɗaure shi a wasa guda, da wataƙila gola mai kyau za a samu a wata ƙungiya ta Legas, a manta da shi bayan shekara goma.

To yanzu ku dubi yadda aka riƙe sunansa a can. Jami'ar Houston ta jingine lambar rigarsa, 34. Rockets ma haka. A 2008 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando da ke Springfield. A shekarar dai aka kafa masa abin tunawa a gaban filin wasan Rockets, kuma da yake addininsa bai yarda da mutum-mutumi ba, sai aka zuba siffar rigarsa da tagulla maimakon siffarsa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ya kashe bakin masu cewa karrama ɗan wasa sai da gunki. Ana iya yi a mutunta aƙidar mutum. Mu kuwa da aka fara abin a ƙasarmu, a Arewarmu, mu nawa ne muka taɓa jin cewa a Sakkwato ne? Na zauna da 'yan Sakkwato da yawa a hostal, masu alfahari da garinsu kamar me, ban taɓa jin ɗayansu ya kawo wannan a cikin abin taƙamarsa ba. Ba laifinsu ba ne, ba a gaya musu ba.

Akwai wani misali daga Amurka da ya fi wannan ban mamaki, a wasan da mu ba mu damu da shi ba, wato besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda a zagaya fili. Jackie Robinson shi ne baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar besbol ta Amurka a zamanin nan, ranar 15 ga Afrilu 1947, da ƙungiyar Brooklyn Dodgers. A 1997 aka jingine lambarsa, 42, a dukkan ƙungiyoyin gasar baki ɗaya. Amma lokacin da yake ɗalibi a UCLA wasa huɗu yake wa jami'ar: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafar Amurka, da guje-guje da tsalle-tsalle. A 1940 shi ya ci dogon tsalle a gasar jami'o'in ƙasar. Kuma a cikin huɗun nan, besbol ne ya fi ba shi kunya a jami'a, sakamakonsa a ciki abin tausayi ne. Da irin kocinmu ne mai yanke hukunci a rana ɗaya, da tuni an ce masa ya bar sandar nan ya je ya yi ta tsallensa. Yau filin besbol na UCLA sunansa yake ɗauke da shi. Duk ɗan aji ɗayan da ya shiga filin nan sai ya tambayi wane ne wannan, kuma akwai mai ba shi amsa.

Mu dawo gida. Ni ɗan Fadan Kaje ne, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu, daga Zonkwa zuwa Kagoro zuwa Kafanchan, ya san ba mu da ƙarancin 'yan wasa. Ku zo hutun Kirsimeti ku ga gasar ƙwallon ƙauyuka, fili ya cika har kan bishiya. Ku je gasar gidaje ta sakandare ku ga yarinyar da ta ci mita 200 da safe, ta ci dogon tsalle da rana, da yamma kuma tana cikin tawagar ƙwallon raga. Yaran da suka tashi da hawan dutse da ɗaukar buhun citta ba sai an koya musu juriya ba. A ƙauye kowa ɗan wasa biyu ne ko uku, domin babu wanda ya zo ya ce ka zaɓi ɗaya. Sai an shigo babbar makaranta abin yake mutuwa, a daidai wurin da ya kamata ya girma.

Akwai wani yayanmu a unguwa, ba zan kira sunansa ba saboda iyalinsa, da ya yi wata kwaleji a shekarun 1990. Mita 400 yake gudu, kuma shi ne golan makarantar. Muna yara in ya dawo hutu, binsa muke yi zuwa fili mu riƙe masa takalmi, har faɗa ake a kan wa zai riƙe. Ya gama ya zama malamin firamare, ya koyar har ƙarshen ransa. Da ya rasu an yi jawabai masu kyau a kan koyarwarsa da hidimarsa a coci, kuma ya cancanta. Amma ba wanda ya ambaci cewa mutumin nan ya taɓa ɗaga sunan makarantarsa a fili, kuma daga makarantar ba a aiko ko da takarda ba. Da matarsa ta buɗe akwatinsa daga baya, gara ta cinye rabin takardun shaidar da aka ba shi. Lambobin ƙarfen ne kawai suka tsira, su ma ba a rubuta shekara a jikinsu ba. 'Ya'yansa suna jin labarin ne daga bakinmu, kamar tatsuniya. In mu ma muka tafi, ya ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan game da yankinmu. Muna da shekarun da kowa ya haddace. Ka ce 1987, kowa ya san Kafanchan ake nufi, kuma a harabar kwalejin ilimi abin ya faro. Ka ce 1992, Zangon Kataf. Ka ce 2011, kowa zai yi shiru, Kirista da Musulmi, domin kowa yana da wanda ya rasa. Waɗannan shekarun an rubuta su a littattafai, an yi digiri a kansu, ana kan yi. Ban ce a manta da su ba, ba zai yiwu ba ma. Amma yaron da ya tashi a Kafanchan yau, in ya tambayi tarihin garinsu, bayan tashar jirgin ƙasa sai lissafin rikici za a ba shi. Alhali a tsakanin waɗannan shekarun an yi ta buga ƙwallo a garin nan, Bajju da Atyap da Fantswam da Hausawa da Fulani da Ibo a riga iri ɗaya, ɗaya na ba ɗaya ƙwallo. Wannan ma tarihi ne, ya faru da gaske, sai dai ba wanda ya ɗauki biro. Abin da ba a rubuta ba kuwa, nan da shekara talatin kamar bai faru ba ne, sai a bar yara da rabin labarin, kuma rabi mai ɗaci.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an riga an faɗa mini a gaban idona. "Malam, babu ruwa a hostal, babu wuta, kuɗin makaranta ya ninka, a 2022 mun zauna wata takwas a gida saboda yajin aikin ASUU, kai kana maganar masu gudu?" Gaskiya ne, kuma ni ma jarkar nan nake ɗauka in bi layi kamar kowa. Amma ku lura, ban nemi a gina mana filin wasa irin na Houston ba. Kuɗin da ke cikin wasannin jami'o'in Amurka na talabijin ne, ba mu da shi, kuma tsarin nasu ma yana da nasa zaluncin da ba na sha'awar mu kwaso. Abin da nake nema allo ne da fenti da littafin rajista. Kuɗin abincin liyafar ƙarshen shekara ta ƙungiyar ɗalibai guda ɗaya ya isa ya yi wannan har a samu canji. Kuma kowace shekara ana karɓar kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajistarmu. Ku duba rasit ɗinku.

Wasu kuma za su ce ai karatu aka zo yi. To, wa ya ce a bari? Matsalar ita ce yadda muke sa ɗalibi ya zaɓa da ƙarfi. A al'adar jami'o'inmu yammacin Laraba na wasanni ne, ba a sa lakca. Wa ya ga ana bin wannan yanzu? Wani malami zai sa tes ƙarfe biyu na ranar Laraba, kuma ya san da 'yan tawagar makaranta a ajin. Ɗalibi ya tafi wakiltar makaranta da takardar izini a hannu, ya dawo a ce masa ba a san da zancen ba, ya kwashi kariyoba. In na ƙasa da shi ya ga haka, ya kuma ga cewa wanda ya sha wannan wahalar ko sunansa ba a rubuta a bango ba, me zai kai shi? Sai ya ajiye takalminsa ya koma kallon Firimiya a gidan kallo. Haka muke asararsu shiru-shiru, ba wanda zai sa a jarida.

Na mata ya fi muni. Yarinya tana gama ƙaramar sakandare ake fara ce mata ta girma, gudu ba na 'ya mace ba ne. Alhali zinaren Olamfik na farko da wani ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai, mace ce ta ci, kuma 'yar wasa biyu ce. Chioma Ajunwa tana cikin tawagar Najeriya da ta je gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a Sin a 1991. Bayan shekara biyar ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta. Ita ma ta ɗanɗani halinmu: gidan da aka yi mata alkawari sai a 2021 gwamnatin Legas ta ba ta, bayan shekara 25. A wannan Atlanta ɗin dai aka ga 'yan Kaduna a tawagar ƙwallon ƙafar da ta doke Ajantina 3-2, su Daniel Amokachi da Celestine Babayaro da Garba Lawal da Tijjani Babangida, kuma biyu daga cikin ƙwallaye ukun, Babayaro da Amokachi ne suka ci. Hakeem ma ya karɓi zinare a can, amma da rigar Amurka. Wannan kaɗai ya isa mutum ya zauna ya yi tunani.

Kada a ce sai a Kudu ko a ƙasar waje ake iya riƙe abu. Zariya ta nuna ana iyawa. Shekara da shekaru Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira OBJ, ya yi yana horar da yara ƙwallon kwando a ABU. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, shi ma da ƙwallon ƙafa ya fara kafin ya koma kwando yana ɗan shekara 13, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. Ejike Ugboaja ma ta nan ya bi kafin Cleveland ta zaɓe shi a 2006. Me ya sa abin ya ɗore a filin Samaru? Domin akwai mutum ɗaya da ya zauna, yana tuna wa ya zo kafin wa, yana gaya wa ƙananan cewa wane ma a nan ya fara. Yaro in ya san wanda ya taka filin kafin shi, gudunsa daban ne. Sai dai abin da ke cikin kan mutum ɗaya ba ajiya ba ce, dole a sauke shi a takarda tun masu shi suna raye.

A nan ne nake ganin mu 'yan digiri na biyu muna da laifi babba, tare da sufabaizojinmu. Kowace shekara ana rubuta furojet ɗaruruwa a sashen ilimin motsa jiki, da tarihi, da aikin jarida, kusan duk take iri ɗaya, "tasirin kaza a kan kaza", a raba takardar tambayoyi a cike a ɗaki. Ga aiki na gaske yana kwance ba mai taɓawa. An fara NUGA tun 1966 a Ibadan. Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977, ta sake karɓa a 2009. Jaridar New Nigerian tana da shafin wasanni a wancan lokacin, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma wanda ya je Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ko laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ya san ana ajiye tsofaffin jaridu. Ga tsofaffin malaman wasanni da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida a Zonkwa da Kagoro da Kwoi, da hotuna a cikin tsohon albam, suna jiran wanda zai zo ya tambaye su. Ɗalibi ɗaya da waya mai ɗaukar murya zai iya haɗa tarihin wasannin makaranta guda a semesta biyu, kuma zai fi rabin abin da muke karewa a gaban kwamiti amfani.

Ga masu neman kujerar daraktan wasanni a zaɓen ƙungiyar ɗalibai mai zuwa, ku daina yi mana alkawarin sabuwar jesi da gasar sassa kawai. Ni ƙuri'ata tana wurin wanda zai ce zai kafa allo a bakin fili, a rubuta sunan duk wanda ya fi kowa a kowane wasa, maza da mata, da shekara da sakamako, a bar fili a ƙasa don mai zuwa ya goge na sama in ya isa. Wanda zai je majalisar jami'a ya tsaya a kan yammacin Laraba har a saki takarda a kai. Wanda zai soke dokar nan da ba a rubuta ba ta cewa in kana tawagar ƙwallon ƙafa ba za ka gwada guje-guje ko kwando ba. Sannan a ranar yaye ɗalibai, bayan an kira wanda ya fi kowa maki, a kira tsohon ɗan wasa guda ɗaya da ya wakilci makarantar shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, a sa shi ya miƙe a tafa masa. In ya rasu, a kira matarsa ko ɗansa.

'Yan wajenmu kuma, hutun Disamba na zuwa. Masu shirya gasar ƙauye a Fadan Kaje da kewaye, ku sayi littafi mai kauri guda ɗaya, a rubuta waɗanda suka ci bana da sunan kowane ɗan wasa, sannan a zauna da dattawa a koma baya iya inda ƙwaƙwalwarsu ta kai. A ajiye shi a fada ko wurin hedimasta, kada a bar shi a hannun sakataren da zai tafi Abuja neman aiki a watan Janairu. Ni zan zo da lambobin yayanmu, na riga na roƙi matarsa ta yarda, ko cikin dattawan akwai wanda zai tuna shekarar da aka ba shi su.